Tsohon Colchester ko sabon ɗan Caina, wanne zaka iya riƙewa a iskar Jidda?

Ranar Alhamis bayan la'asar ina cikin share gadon inji a warsha sai ga ƙanina ɗan wajen baffanmu ya shigo, ko zama baiyi ba yace Yaya na rasa yadda zanyi, kafilina, wato wanda nake aiki a ƙarƙashinsa, ya yarda zai zuba kuɗi mu buɗe ɗan wuri a sina'iyya, unguwar masu warsha, kuma ga maharaɗa biyu a gabana, ɗaya tsohon Colchester Triumph 2000 ne na Ingila a hannun wani dattijo da zai rufe wurinsa ya koma ƙasarsu, ɗayan kuma sabo ne dal ɗan Caina irin CA6140 ɗin nan, a leda ma yake. Nace to zauna tukuna. Ga wanda bai san maharaɗa ba, injin nan ne da ake damƙe ƙarfe yana juyawa ana fiƙe shi har ya zama shaf ko bushin ko noti, haka Larabawa ke kiransa mu ma nan haka muka tashi muka ji.

Abin da na fara gaya masa shine ya daina kallon fenti da kuɗin saye kawai, domin ranar saye rana ɗaya ce, amma riƙon injin kullum ne, safe da yamma, kuma a garin nan da muke bakin Bahar Maliya iska kanta tana cin ƙarfe. To bari in bi su ɗaya bayan ɗaya yadda na bi masa.

Gadon injin, wato dogon jikin ƙarfen da sauran sassan suke zaune suna tafiya akansa, shine komai, wanda Misrawan da muke aiki dasu ke ce wa farsh. Giya in ta karye ana yankan wata, motar lantarkin da ke juya shi in ta ƙone ana naɗe ta, amma gado in ya cinye to ka shiga uku, domin gyaransa sai an kwance injin gaba ɗaya an kai inda suke da babban injin wasa gado, kuma kuɗin zai iya kamo rabin kuɗin wani injin. Tsohon Colchester gadonsa an ƙona shi yayi tauri tun daga masana'anta, shi yasa zaka ga na shekarun 1970 har yau yana aiki, amma duk taurinsa wurin da yake kusa da cok, wato abin da ke damƙe ƙarfen yana juyawa, nan yake cinyewa saboda kusan duk aikin da ake kawo mana gajere ne, nan keken da ke ɗauke da wuƙar yanka yake kai da komo shekara da shekaru. Ga yadda ake ganewa ba tare da wani kayan awo ba: ka kawo keken kusa da cok, ka ɗan ɗaure notin makullinsa kaɗan yadda zai riƙa tafiya da ɗan nauyi, sai ka murza shi zuwa can ƙarshen gado. In ya tafi sumul, alhamdulillahi. In kuma yana nisa yana ƙara tauri har ya cije, to gaban ya cinye kenan. Sannan ka bi saman gadon da farcenka, in kaji wani ɗan tudu kamar bakin faranti to shima shaida ne. Sabon ɗan Caina ba ruwanka da wannan a ranar farko, gadonsa a miƙe yake, sai dai abin da zai zama nan da shekara biyar yana hannunka, kuma na lura sabon gado da aka wasa yana sheƙi yafi saurin kama tsatsa, tsoho kam mai ya riga ya ratsa shi.

Maganar tsatsa kuwa, wallahi wanda bai zauna Jidda a watan Agusta da Satumba ba bazai gane ba. Ka rufe warsha da daddare komai fes, ka buɗe da safe kaga gado yayi zufa kamar an yayyafa ruwa, inda yaro ya dafa da hannu jiya shatin yatsunsa biyar ya fito ja. Anan duka biyun hukuncinsu ɗaya, kowace yamma a share da buroshi, a goge da tsumma, a shafa mai siriri a duk inda babu fenti, a tura keken can ƙarshe kada ya kwana wuri ɗaya kullum, a rufe da tsohon zanen gado na auduga. Banda leda. Leda tana tara raɓa a ƙasanta, da yawa suna ganin gata suka yiwa inji ashe tsatsa suka dafa masa. Kuma don Allah kada a hura ɓarɓashin ƙarfe da iskar kwampireso, na san yafi sauri, na san kowa nayi, amma iskar tura ɓarɓashin take ƙarƙashin keke inda hannu baya kaiwa, daga nan sai ya riƙa gurzar gado kamar sanfefa.

Akwai wasu ƴan ƙyallaye masu kauri ko roba a kusurwoyin keken da suke share gado yayin da yake tafiya, mutane basa ko kallonsu. A tsohon inji kusan kullum zaka same su sun bushe sun cika da dusar ƙarfe, maimakon shara sai su koma suna karce gadon, to ranar da ka saya ranar zaka canza su, abu ne mai araha, da almakashi ma zaka iya yanka su. A sabo suna nan lafiya amma ka kwance ka duba ko sun zauna daidai, domin nasha ganin wanda aka ɗaura a karkace yana barin ƙura tana wucewa.

Sai mai, kuma anan zan ɗan daɗe domin nan ne mutanenmu suka fi cutar da inji. Maharaɗa ba mota bace, mai iri ɗaya baya yi mata ko'ina. Gado yana da nasa man na musamman mai lamba 68, irinsu Mobil Vactra No. 2 ko Shell Tonna 68, yana da danƙo yana manne wa ƙarfe baya tsiyayewa, kuma yana hana keken yin tafiyar tsalle-tsalle in kana tura shi a hankali. Akwatin kai inda sandar cok take yawanci man haidirolik mara kauri yake so, 32 ko 46, gwargwadon abin da littafin injin ya faɗa. Man mota ba nasa bane domin an yishi ne ya riƙa ɗaukar datti yana kaiwa filta, a akwatin maharaɗa kuwa so ake dattin ya kwanta ƙasa ya bar boris lafiya. Man difaransa mai warin nan shima wasu irinsa suna cin tagulla, kuma cikin injin nan cike yake da bushin da noti na tagulla. Baƙin mai kuwa da ake roƙowa wajen masu canjin mai, wannan ko maganarsa bana son ji, ƙura ce da ɓarɓashi aka dama.

To ta ina suka bambanta? Tsohon yana shan mai domin yana yoyo, robobinsa sun tsufa, zaka riƙa samun ɗigo a tire kullum, gilashin duba mai ya dushe har baka gane ko akwai ko babu, sai ka canza shi. Kuma littafinsa in ma ka samu sunayen man da ke ciki na da ne, lambobin sun canza, sai ka nemo daidai dasu a lambar yau. Amma babbar matsalarsa abin da masu shi na baya suka aikata ne. Na taɓa kwance keken wani tsohon inji da muka saya, ƴan ramukan zuba mai ɗin nan masu ƙwallo a baki wani ya ɗauka na giris ne ya riƙa ɗura musu giris shekaru, da na ɗaga keken na juya shi sai naga hanyoyin man duk sun toshe, giris ɗin ya haɗu da dusar ƙarfe ya daskare baƙi ƙirin kamar sabulun salo, da waya da kananzir na kwana biyu ina sakacewa, kuma ƙasan keken duk ya karce layi layi. Daga waje injin kyakkyawa ne, ba wanda zai ce mai baya isa ciki.

Sabon kuma nasa ciwon daban. Kada ka yarda da man da yazo dashi. Wani sabon inji da na taɓa karɓa na buɗe murfin akwatin kai kafin in kunna, na zura hannu can kusurwa, abin da na ɗebo yashi ne na wurin zubin ƙarfe da ƴan ɓarɓashi, da na kunna a haka da duk boris zasu tafi. Ba kowane sabo ne haka ba, akwai masana'antu da yawa masu yin wannan samfurin kuma aikinsu ba ɗaya bane, amma ƙa'idata itace sabo a tsiyaye shi, a wanke akwatunan da kananzir ko dizal, a saka maganaɗisu a ƙasa, a zuba mai na kirki, a fara da ƙaramin gudu ana ƙarawa a hankali, bayan ƴan makonni a sake tsiyayewa. Man kariya mai kauri da aka shafe shi dashi saboda tafiyar jirgin ruwa shima sai an wanke tas kafin a motsa keken ko taku ɗaya. Duka biyun suna da famfon da ke kai mai sama, akwai ɗan gilashi da zaka ga man yana zuba in mota ta tashi, ka mayar da kallon gilashin nan kamar bismillar fara aiki, in baka ga mai ba ka kashe nan take.

Ga wani abu da shi ƙanin nawa bai taɓa tunani ba, wutar Saudiyya 60 Hz ce, ta Ingila da Caina kuwa 50 ce. Ma'ana motar da aka yi don 50 in ka jona ta nan gudunta zai ƙaru da kashi 20 cikin 100, inda aka rubuta juyi 1000 a minti a allo 1200 kake samu, shi Triumph ɗin da ƙarshen gudunsa 2000 ne sai ya koma 2400, kuma tsohon cok mai nauyi ba'a yi shi don wannan ba, ga zafin boris ga ƙarar giya. Maganinsa a rage girman fulin mota ko a saka inbata mai daidaita gudun mota, ko dai a haƙura da giyar ƙarshe. Wataƙila dattijon ya riga ya gyara, sai an duba farantin motar an auna fuli. Sabo kuwa kana iya cewa dila ya baka mai motar 60, amma ka karanta farantin da idonka, kada ka tsaya a mafi mushkila ɗin da zai ce maka, wato ba matsala. Motar CA6140 kilowat 7.5 ce, ka tabbata wayar shagon da zaka kama zata ɗauka.

Kayan gyara, nan sabon yaci tsohon ba gardama. Boris ɗin sandar Colchester na kamfanin Gamet ne, masu kyau ne ƙwarai shi yasa aikinsa yake fita sumul, amma in suka mutu ba'a shagon boris na bakin titi zaka samu ba, oda ce daga waje da kuɗi mai nauyi da jira, kuma duk kwanakin jiran haya tana tafiya. Haka kulocinsa. Shi yasa kafin saye dole a kunna shi ya yi kamar minti 20 a gudu mai ɗan yawa, a dafa wurin boris na gaba, ɗumi ba laifi amma in hannu baya iya zama to akwai magana, a saurara da kyau a kowace giya, a ɗora agogon awo da muke cewa sa'a a hancin sandar a ɗaga da katako aga ko allura zata motsa. Na Caina boris ɗinsa masu lamba ne na gama gari, bel ɗinsa da faifan kuloci da birki duk ana samu, sai dai kayan wutarsa ne nake ganin sun fi saurin gajiya a zafin nan da ƙura, amma su kuma canza su ba wuya, kowane mai wuta zai saka maka na kamfani mai kyau. Bel kam a kowanne in ɗaya ya lalace a canza duka tare, in ka haɗa sabo da tsofaffi sabon ne kaɗai zai ɗau kayan.

Sai ka duba ko tsohon na inci ne ko na mili. Da yawa daga cikin na Ingila na wancan lokacin doguwar sandar yankan zare ta inci ce, wasu notocin jikinsa ma sai da makullan inci. A Jidda wannan ba aibu bane gaba ɗaya tunda ga tsofaffin motocin Amurka ga zaren bututu duk inci ne, amma Toyota da sauran na Japan mili ne kuma su suka fi yawa, in kana yankan zaren mili akan sandar inci baka isa ka saki notin nan mai rabi biyu da ke haɗa keke da sandar ba, sai dai ka riƙa juya injin baya kowane zagaye, kuloci da birki su ke biyan wannan. Shi notin mai rabi biyu a tsohon inji sau da yawa ya cinye, ka kama shi ka girgiza keken kaga yawan wasan. Sandar kuma a wanke haƙoranta da buroshi da igiya tana juyawa a hankali, a saka mai ba giris ba.

Akwai ƴan sandunan da ake matsewa don cire wasa a keken tsallake da na sama, wato ƙananan kekuna biyun da ke kan babban keken. A sabo zaka matse su sau biyu ko uku a watannin farko domin ƙarfe yana zama, bayan nan ya tsaya. A tsoho kuwa in ka matse daidai tsakiya inda ya cinye sai ya cije a gefe, in ka sassauta don gefe sai tsakiya tayi rawa, kullum kana sulhu. Daidaita zaman inji a ƙasa kuma duka biyun suna so, da mizani na gaske mai mili 0.02 a mita ba na magina ba, domin gado yana murɗewa in ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, sai kaga inji lafiyayye yana yanka maka gefe ɗaya yafi ɗaya kauri kana zagin masana'anta. A sake dubawa bayan wata ɗaya. Kuma in shagon a kwari yake a ɗaga shi akan dakali, wanda yaga ruwan Nuwamban 2009 da na Nuwamban 2022 a garin nan ba sai an masa bayani ba, mota da tankin ruwan sanyaya duk a ƙasa suke.

Ruwan sanyaya ɗin ma, farin nan, a zafinmu saurin ruɓewa yake, musamman in man gado ya taru a samansa ya toshe masa iska, ka dawo ranar Asabar kaji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. A riƙa kwashe man saman, a dama shi yadda aka rubuta a jarka, mai ake zubawa cikin ruwa ba ruwa cikin mai ba, in ruwan yayi masa yawa shi da kansa zai sa tsatsa. A tsohon inji yakan sulala cikin akwatin gaban keke, in ka kwance notin ƙasa kaga mai ya fito fari kamar kunun gyaɗa to ruwa ya shiga, giyoyin ciki suna cikin haɗari. Ranar da kuma kayi aikin ƙarfen zubi ko ka goga sanfefa, a shimfiɗa kwali akan gado kafin a fara.

Cok a tsohon yafi daɗin kulawa, irin makullin nan ne da rabin murɗa ke sakinsa, minti biyu ka sauke shi akan katako ka wanke, don haka ba ganda. Na Caina sai ka bi notoci ta baya, yana ɗan cin lokaci, shi yasa yara suke barinsa wata da watanni da ɓarɓashi a ciki. Haƙoransa uku masu lamba ne, 1 da 2 da 3, kowanne gidansa.

Da na gama sai yace to Yaya wanne kenan. Nace in mutum bashi da wani gogagge kusa dashi, ko ma'aikata zai ɗauka yau wannan gobe wancan, kuma injin ɗaya ne tak da in ya tsaya sati uku gida zai girgiza, to ya sayi sabon ko da harajin kashi 15 ɗin ya ƙara masa nauyi, ya wanke cikinsa, ya riƙe shi da man kirki, zai ci abinci dashi shekaru. Amma kai da kanka zaka tsaya akansa, kuma ina nan kusa, in gadon tsohon nan da boris ɗinsa suka ci jarabawa ni shi zan ɗauka, domin aikin da hannu zai ji a jikinsa daban ne, in kuma ɗaya daga cikin biyun nan ya faɗi ko kyauta aka baka kada ka ɗauka.

Ranar Asabar da safe muka je da sa'a da mikromita da guntun ƙarfe mai kaurin mili 50. Muka gaida dattijon, yace bismillah ku gwada yadda kuke so. Keken ya ɗan yi nauyi can wajen ƙarshe amma bai cije ba, boris bayan minti 20 ɗumi kawai, na yanka guntun ƙarfen tsawon mili 250 ba tare da tallafin baya ba, bambancin kai da gindi ya fito mili 0.03 kuma injin ko daidaita shi ba'a yi da kyau ba a inda yake. Notin zare ya cinye, akwatin gaban keke da ruwa a ciki, motar ta 50 ce da fulinta na asali. Na lissafa wa dattijon waɗannan ukun a gabansa, ya gyaɗa kai yace gaskiya ne ya rage mana. Tagullar da zan yanka sabon notin tana kan teburina yanzu, jarkar 68 da ta 32 an kawo, mai kiren yace sai ranar Talata bayan azahar.